Ranar da Motarmu Ta Daskare a Tabuka

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga unguwarmu ta Zahir a Makka, ni da taubashina, ɗan kawuna, a cikin doguwar motarsa ta haya wadda yake jigila da ita tsakanin Makka da Jidda. Tun da na dawo ban samu sakat a shago ba. Duk wanda ya kawo ɗinki sai ya gyara zama ya ce in ba shi labarin Tabuka, har aikin mutane ya taru ya yi mini yawa. To ga shi na rubuta gaba ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma in koma kan kekena.

Ƙanwata ce ta fitar da mu. Mijinta mai gasa gurasa ne, ya samu aiki a wani gidan burodi a Tabuka, can arewa mai nisa, ya tafi da ita. Allah ya yi masa rasuwa tana da tsohon ciki, ta haihu a can cikin baƙi, ba uwa ba 'yar'uwa. Muna jiran ta yi arba'in a je a ɗauko ta, sai ga wani direban babbar mota da saƙon baka. Ya ce jaririn tari yake yi, ƙirjinsa na ƙugi, likitan garin ya yi masa allura ya ce sanyin wurin ya fi ƙarfinsa, in da hali a sauko da shi ƙasa mai ɗumi. Inna ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ta ce, "Tashi ka je ka kawo mini jikana da ransa."

Shirin sanyin da muka yi, in na faɗa muku sai ku yi dariya. Bargo biyu ne, da wani tsohon kwat da na saya a hannun alhazan Turkiyya bayan aikin hajji, shi kuma taubashin nawa ya ɗauko nasa kwat ɗin na zuwa biki. Mu mutanen Makka in an ce an yi sanyi, iyakar abin da muka sani shi ne a sauko daga kan soro a kwana a ɗaki.

Sai na gaya muku halin direban nawa, don labarin ba zai fahimtu ba sai da shi. A nan Makka aka haife shi, Hausarsa rabi Larabci ce, kuma abu biyu yake girmamawa bayan addini, motarsa da ruwa. Kawu, Allah ya jiƙansa, ɗan garuwa ne, da sanda a kafaɗa ya yi ta hawan duwatsun garin nan har kafaɗar ta yi kanta. Saboda haka a gidansu ruwan da aka wanke shinkafa shi ake ba akuya, wanda aka yi alwala da shi kuma a yayyafa wa tsakar gida. Har yau in ya ga yaro ya zubar da ragowar ruwan moɗa, sai ka ga fuskarsa ta sauya. Motar kuwa, ko matarsa ba ta samun irin shafar da take samu.

Hanyar Madina kun san ta, ba sai na ja ba. Mun tsaya a Mastura muka hau dogayen gadajen igiya na gahawa, wato rumfar shayi da abinci ta matafiya, aka kawo mana soyayyen kifi da shinkafa mai launin ƙasa. Kifin ya yi daɗi, amma mai wurin ya ga mota mai sheƙi ya ɗauka attajirai ne, sai da taubashina ya buɗe masa Larabcin 'yan tasha sannan farashi ya dawo hayyacinsa. A Badar muka yi wa shahidai sallama. Muka kwana Madina, na yi ziyara, na roƙi Allah abu guda ɗaya tak, ban haɗa shi da komai ba.

Daga Madina zuwa arewa, nan ne ban taɓa takawa ba. Ƙasa ce ta baƙin dutse, tun daga bakin hanya har iyakar ganinka. A Haibar dabino ya fi ko'ina araha, mutanen kuma da yawansu baƙaƙe ne kamarmu, har na yi wa wani tsoho Hausa ya tsaya yana kallona. Kwaltar sabuwa ce a wasu wurare, a wasu kuma sai ta ɓace ka bi sawun manyan motoci. Gidajen mai sun yi nisa da juna, duk inda ka gani ka cika tanki ko da bai nema ba. Iska kuwa tun daga nan ta fara sauya hali, tana shigowa ta ƙasan ƙofa tana cizon idon sawu.

A Taima muka tarar da direbobin Sham a gahawa, kowanne cikin rigar fatar tunkiya, sun kewaye garwashi. Suka dubi takalmanmu fade suka dubi juna. Ɗayansu, wani mai gashin baki, ya tambayi inda muka nufa, da ya ji Tabuka sai ya ja taubashina gefe ya ce in mun isa kada ya kuskura ya bar ruwa ya kwana a lagireto, zai daskare ya fasa inji. Taubashina ya yi godiya. Da muka koma mota ya ce mini shi duk tuƙinsa bai taɓa jin ruwa ya fasa ƙarfe ba, amma zai bi maganar, tun da ba a jayayya da mai gari a kan garinsa.

Da la'asar muka shiga Tabuka. Ƙaramin gari ne mai yawan sojoji, ga tsohuwar tashar jirgin ƙasa da ba jirgi. Ba mu sha wuyar samun gidan burodin ba, ƙanshi ne ya kai mu. Mai gidan wani dattijo ne mutumin kirki, ya bar ƙanwata a ɗakin da ke jingine da bangon tanderu, don nan ne ya fi ko'ina ɗumi. Da ta fito ban gane ta ba da farko, ta rame ta yi duhu. Ta ce, "Yaya, kun zo," ta miƙo mini yaron. Ban ji nauyin komai a hannuna ba sai na tsummokaran da aka naɗe shi. In ya ja numfashi sai ka ji wani kurɗi a ƙirjinsa, haƙarƙarinsa na lotsawa. Gaskiya na ji tsoro, irin wanda ban taɓa ji ba. Muka yanke cewa gari na wayewa za mu kama hanya.

Kafin magariba taubashina ya bi shawarar mai gashin baki. Ya shiga ƙarƙashin mota ya kwance lagireto, ya tara garwa, ruwa ya zubo da ɗuminsa. Ya tsaya da garwa a hannu. Ga ruwa mai ɗumi, ga mota ta yi futu-futu da ƙurar hanya, ga ɗan ɗan garuwa. Me kuke zato? Ya ɗauko tsumma ya wanke ta tas, tun daga rufi har taya, ya bi gilasai da bakin ƙofofi, ragowar ya kwara mata a ka. Ni ma ban ga aibin abin ba, har ina nuna masa inda ya tsallake.

Da asuba na buɗe ƙofa zan yi alwala, sai na tsaya. Garin duk ya yi fari, kamar an zazzage buhunan fulawar gidan a kan titi. Ban taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sai ranar, kuma da a wata tafiyar ce da na tsaya na yi ta kallo. Motar ta zama tudu. Na sa hannu na share dusar da ke kan gilashi, sai na tarar da wani abu a ƙarƙashi, mai tauri, mai santsi. Ruwan wankin jiya ne ya daskare ya lulluɓe ta. Ƙofofi huɗu sun manne, makulli ma ya ƙi shiga raminsa. Ana cikin haka ƙanwata ta leƙo ta ce yaron ya ƙi kama nono tun kafin kiran salla.

Taubashina na jin haka ya ruɗe. Ya faɗa cikin gidan burodi ya suri butar shayi da ke tafasa a kan wuta. Bayan motar ne ya fi kusa da ƙofa, saboda haka gilashin baya ya fara kwara wa. Muka ji ƙara ɗaya, tas. Gilashin ya yi fari, ya tsattsage, ya zube cikin mota kamar tsakin masara. Shi kuwa ruɗewa ba ta bar shi ya tsaya ba, ya zagaya gaba da sauran ruwan. Ƙanwata ta sha gabansa, ƙafa ba takalmi, ta riƙe masa hannu.

Ta ce, "Don Allah ajiye butar nan. In na gaba ma ya fashe, a nan zan binne shi kusa da ubansa."

Ya ajiye. Ya tsuguna a cikin dusar ya dafe kai. Taubashi ne, wanda ko tuntuɓe ya yi sai na shekara ina yi masa tsiya, amma ranar tausayinsa ne ya kama ni.

Dattijon mai gidan ya fito ya duba. Ya ce in mun haƙura zuwa hantsi watakila rana ta narkar da ita, amma ya ɗaga kai ya dubi sama ya ce shi bai ga alamar rana ba, kuma in aka ƙara zubo wata, hanya na iya rufewa har kwanaki. Na dubi ƙanwata. Ta ce tafiya za mu yi. Ta ce ta sha ganin marigayi yana taya direban motar fulawa wannan aikin, ba wuya gare shi ba, haƙuri yake so.

Da tsintsiyar kaba muka fara. Ni da na nufi gilashi kai tsaye, ta ce a'a, a fara da rufi, in ba haka ba ana taka burki duk abin da ke sama zai zamo ya rufe wa direba ido. Muka share rufi, muka share kan inji da but, muka buɗe fitilu gaba da baya, muka tone bakin salansa da ya toshe. Da aka zo kan ƙanƙarar gilashi na zaro almakashina, ta ce ƙarfe zai karce shi. Ta shiga ciki ta fito da wani ɗan faffaɗan katako mai kaifin baki, wanda mijinta ke kankare ƙullin fulawa da shi daga jikin kwatarniya. Ta miƙa wa taubashina. Ya karɓa da hannu biyu.

Aikin kankara ba ya son ƙarfi. Ka kwantar da katakon, ka tura a hankali daga sama zuwa ƙasa, ƙanƙarar na ɓantarewa kaɗan-kaɗan. In ka ci ɗan wuri sai a bi shi da tsumman da aka tsoma a ruwan gishiri mai sanyi, don kada ya sake kamawa. Robobin share gilashi su ma sun manne, sai da aka lallaɓa aka ɗaga su. Ma'aikatan gidan suna ɗora buhuna a kan tanderu, in sun yi zafi su kawo mu danna a bakin ƙofofi har robar ta saki. Makulli kuwa a garwashi aka ɗumama shi, sannan ya yarda ya shiga.

Da taubashina ya buɗe wuri kamar faɗin faifai daidai idonsa, sai ya ce, "Halas, ya isa, yalla mu tafi, ina gani." Na san tausayin yaron ne ke cinsa, amma na ƙi. Na ce hanyar nan raƙuma na kwanciya a bakinta, manyan motoci kuma ba sa kauce wa kowa, ba zan ɗauko yaro daga bakin sanyi in kai shi ƙarƙashin taya ba. Muka yi 'yar sa-in-sa, ya ce ni tela me na sani a mota, na ce na dai san ba a ɗinki a cikin duhu. Ya koma ya ci gaba da kankara. Sai da gilashin gaba ya fito duka, da na gefuna, da madubi.

Ramin gilashin baya kuwa aikina ne. Na kwashe tsakin gilashin daga kujera, na karɓi buhunan fulawa biyu waɗanda aka juye, na shimfiɗa bargo ɗaya a tsakaninsu. Da na gwada sai na ga iska za ta ratsa. Kafin in ankara sai ga kwat ɗin biki ya faɗo a gabana, mai shi na tsaye daga shi sai doguwar riga da 'yar shara. Na haɗa duka na bi su da basilla da igiyar buhu, na fitar da igiyoyi ta kusurwoyi, muka datse su a ƙofofin baya da murfin but. Yatsuna sun mutu, sai da na ga jini a jikin buhu sannan na san basilla ta shige ni.

Aka cika lagireto da ruwa mai ɗumi-ɗumi, wannan karon kowa sai da ya tsoma yatsa ya tabbatar. Batir ya ƙi ɗauka, ma'aikata suka taru suka tura mu, motar tana tari tana shiru, can ta kama. Motocin da ake kawowa ƙasar nan ba a sa musu abin ɗumama ciki, wa zai nema a Makka? Dattijon ya ciro tubala daga bakin tanderu ya naɗe a buhu ya jera a ƙasan kujerar gaba, ya cika mana jaka da gurasa mai zafi, ya ƙi karɓar ko godiya. Ƙanwata ta zauna a tsakiyarmu, yaron a cikin rigarta, fata da fata, ɗayan bargon a kansu.

Tafiyar hawainiya muka yi. Taya na zamewa, taubashina ya riƙe sitiyari da hannu biyu, haƙoransa na kaɗawa. Numfashinmu kuma yana taruwa a gilashi ta ciki yana neman daskarewa, saboda haka aikina shi ne gogewa da tsumman gishiri, in goge gabansa, in goge gefena, in sake komawa, har kafaɗata ta yi tsami. Ba mu yi nisa ba muka wuce raƙuma uku a durƙushe, rabin jikinsu a kan kwalta, dusa ta rufe musu baya. Ta kusurwar gilashi taubashina ya hango su ya kauce. Ya dube ni, na dube shi.

Tarin yaron bai dame ni kamar shirunsa ba. In ya daɗe bai motsa ba sai in ga ƙanwata ta sunkuyar da kai cikin bargo ta kasa kunne, ni kuma in daina numfashi sai ta ɗago. Haka muka yi ta yi. Wajen azahar fari ya ƙare, ƙasa ta dawo da launinta, amma iskar na nan da kaifinta. A Taima muka mayar da tubalan cikin garwashin gahawa suka sake yin zafi, na ƙara ɗinke gefen buhun da iska ta yage. Mai gashin baki ba ya nan, kuma na gode wa Allah, don ban san da wace fuska za mu ba shi labari ba.

A Madina muka kai yaron asibiti aka ƙara masa allura, muka kwana. Ya ɗan tsotsi nono ya saki. Da safe muka wuce Abyar Ali, mutane na ta ɗaura harami suna rawar ɗari, mu ba mu tsaya ba, na ce Allah na ganin halin da muke ciki. Daga nan hanya ta yi ta gangara. Bayan Badar iska ta fara laushi, har taubashina ya daina kaɗa haƙori ya fara ƙorafin kuɗin sabon gilashi, na san ya dawo daidai.

Mun kusa Rabig sai ƙanwata ta ce a tsaya. Motar ba ta gama tsayawa ba ta kamo hannuna ta cusa cikin bargo ta ɗora a ƙeyar yaron. Na ji danshi. Gumi yake yi, kuma ya kama nono yana ja da ƙarfi har ana jin haɗiyarsa. Tun da muka je ban ga hawayenta ba, ko da ta nuna mini kabarin mijinta daga nesa, sai a nan ta fashe da kuka. Taubashina ya kifa kai a sitiyari. Ni ma na yi nawa, ba zan ɓoye muku ba.

Daga Rabig zuwa gida ina ta juya abin da tafiyar ta koya mini. Wanda duk zai nufi arewa da sanyi, ya zubar da ruwan lagireto a ƙasa ya kau da kai, kada ya wanke mota da yamma, kada ya kusanci gilashi da ruwan zafi, kada kuma ya tashi sai yana ganin gabansa da gefensa duka. Bayan wannan, na gane dabarar da ta raya mu a gari ɗaya tana iya cutar da mu a wani garin. Kuma a ranar da na fi kowace rana sauri, aikin da aka yi a hankali ne ya fitar da mu.

Bayan la'asar muka shigo Zahir, buhun fulawa na kaɗawa a bayanmu, yaran unguwa na bin mu da gudu. Inna na bakin ƙofa. Ba ta amsa sallamarmu ba, ta rungume 'yarta da hannu ɗaya, ɗayan kuma ta karɓi jikanta. Ta zauna a dakali ta fara warware shi, bargo, zani, wani zanin, hula a kan hula, har ta kai ga ɗan mutum, jiƙe da gumi, yana wutsil-wutsil da ƙafafu, ya buɗe baki ya callara kuka. Ta ɗago ta bi mu da harara ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Ku manya uku, ba mai hankali a cikinku? Wa ya naɗe mini yaro haka a wannan zafin?"